Ɓuya da gano jirage a wasan yaƙin sararin samaniya: yaya za a tsara su ba tare da layar zana ba?

Maitaswira ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kusan shekara guda ke nan ina haɗa wasan kwamfuta na dabarun yaƙi, wanda 'yan wasa biyu zuwa huɗu suke fafatawa a kan duniyoyin da ke kewaya rana ɗaya, kowa yana ba jiragensa umarni bi da bi. Tattalin arziki da ƙera jirage sun zauna yadda nake so, amma batun ɓuya da ganowa ya zame mini ƙarfen ƙafa, shi ya sa na kawo shi gabanku.

Tsarin da nake amfani da shi yanzu mai sauƙi ne, kuma ya yi kama da wanda aka ƙara wa wasan kwamfuta na Stellaris a 2023. Kowane jirgi yana da lambar ɓuya daga 0 zuwa 5, kowace tashar hange kuma tana da lambar ganowa daga 0 zuwa 5. Idan lambar tashar ta kai ta jirgin ko ta wuce ta, jirgin zai bayyana a taswira da duk bayanansa, idan kuwa ba ta kai ba, to tamkar babu shi ne. Da masu gwada mini wasan suka fahimci haka, sai duk fafatawar ta koma tseren binciken fasaha domin ɗaga waɗannan lambobi, domin wanda ya riga abokin karawarsa da mataki ɗaya yakan shigo da rundunarsa har ƙofar gida ba a gan shi ba, wanda aka ci kuwa yakan tashi da jin cewa babu wata shawara da zai yanke da za ta cece shi. Wannan ƙorafin ya dame ni ƙwarai, saboda na san gaskiya ne.

Abin da nake nema shi ne tsarin da zai sa ɓuya ta zama aikin dabara, wanda mai ɓuya zai biya wani abu a kansa a kowane zagaye, mai nema kuma zai sami abin yi da hankalinsa. Ina kuma so tsarin ya jingina da ilimin kimiyya gwargwadon hali, ba don ina son wahalar da 'yan wasa da lissafi ba, sai don na lura cewa dokar da take da dalili ta fi sauƙin karɓa idan ta juya wa mutum baya. Daga ina ya kamata in fara?

Gamzaki ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Maitaswira. Shawarata ita ce ka fara daga zafi, domin shi ne abin da jirgi ba zai iya daina fitarwa ba. Sararin samaniya, idan ka kau da kai daga taurari, sanyinsa ya kai kusan digiri 270 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, alhali ɗakin da mutane za su rayu a cikinsa sai ya kasance a wajen digiri 20 sama da sifili. Kowane mutum a zaune yana fitar da zafin da ya kai kimanin wat 100, kafin a zo ga kwamfutoci da injin da ke ba da lantarki. A doron ƙasa iska da ruwa suna kwashe zafi su tafi da shi, amma a can babu ko ɗaya, saboda haka hanya guda ce ta rage, wato a fitar da shi a matsayin hasken zafi wanda ido ba ya gani amma na'ura tana gani. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana da manyan farantai da aka yi musamman domin wannan aiki, waɗanda suke zubar da zafi har kimanin kilowat 70, kuma ita ba jirgin yaƙi ba ce mai injin nukiliya. Jirgi mai rai a kan wannan baƙin fili mai sanyi kamar garwashi ne a tsakar dare.

Idan kana son sanin iyakar nisan da ake iya jin ƙaramin abu, ka dubi kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977. Na'urarsa ta aika saƙo ba ta wuce wat 23 ba, amma an ci gaba da karɓar saƙonsa daga nisan fiye da kilomita biliyan 20, da faifan sauraro masu faɗin mita 70 da ke Amurka da Sifaniya da Ostireliya. Gaskiya ne cewa an san inda yake kuma shi ma yana saita saƙonsa zuwa gare mu, wanda wannan bambanci ne babba, amma misalin yana nuna cewa nisa kaɗai ba mafaka ba ne.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne zai ba wasanka ƙashin baya, shi ne ka raba na'urorin hange gida biyu. Akwai mai saurare kawai, wadda ba ta fitar da komai, tana jiran zafi ko siginar rediyo su iso gare ta. Akwai kuma mai haskawa, irin rada, wadda take aika sigina ta jira ta dawo. Lissafinsu ya sha bamban. Idan nisa ya ninka sau biyu, abin da mai saurare take karɓa yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, amma amsar da ke dawo wa rada tana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin 16, saboda siginar ta yi rauni a tafiya ta sake yin rauni a dawowa. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya kunna rada za a ji shi daga nesa sosai kafin shi ya ga kowa, kamar mai tocila a cikin duhu wanda kowa ya san inda yake tsaye alhali shi ba ya ganin abin da ya wuce iyakar haskensa. Haka kuma, duk wanda yake son ninka nisan da radarsa ke kaiwa sai ya ƙara mata ƙarfi sau 16. Ta ɓangaren mai ɓuya ma lissafin ba ya da tausayi, domin sai ya rage abin da jikin jirginsa ke mayar wa rada sau 10,000 kafin nisan gano shi ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin goma.

Da wannan za ka iya jefar da lambar ɓuya ɗaya tilo, ka maye gurbinta da asusun zafi. Duk abin da jirgi ya yi yana ƙara wa asusun: kunna inji ya fi komai tsada, sai harbi, sai rada, sai rayuwar yau da kullum. Jirgin da yake son lafawa zai naɗe farantansa ya tura zafin cikin ma'ajiya, amma ma'ajiyar tana cika. Ga lissafin da za ka iya dogara da shi: narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye kilojul 334, saboda haka jirgin da ke samar da megawat ɗaya na zafi zai narkar da kusan tan 11 na ƙanƙara a cikin awa guda. Wannan nauyin gurbin makamai ko mai ya ci. Ka ga a nan ɗan wasa yana da shawara a wurin ƙera jirgi, yana kuma da wata a kowane zagaye, wato ko ya ci gaba da lafawa ya ƙone, ko ya buɗe farantai ya bayyana.

Zara ta rubuta:

Na yarda da lissafin Malam Gamzaki, sai dai ina da gyara a kan inda ya dosa. Idan aka bi kimiyya har ƙarshenta, sakamakon shi ne kusan duk jirgin da ya kunna babban inji a cikin tsarin rana ɗaya za a gan shi, kuma wasan da ake ganin komai a cikinsa ya rasa abin da Malam Maitaswira yake nema tun farko. A ganina matsalar tsarinsa ba ƙarancin kimiyya ba ce. Matsalar ita ce ya mayar da sani abu mai fuska biyu kacal, ko ka san komai ko ba ka san komai ba, alhali a yaƙi sani hawa-hawa ne.

Ganin cewa akwai wani abu a wani sashe daban yake da sanin ko mene ne shi, kuma dukansu biyu ba su kai sanin wurinsa da saurinsa daidai har a iya saita makami mai linzami ba. Na'ura mai saurare takan ba ka ɓangaren da zafi ke fitowa, amma ba ta faɗa maka nisa kai tsaye, saboda ƙaramin jirgi na kusa da babban jirgi na nesa suna iya yin haske iri ɗaya. Sai ka sami tashoshi biyu a wurare mabambanta da layukansu za su haɗu, ko ka daɗe kana bibiyar motsinsa, ko kuma ka kunna rada ka tona asirin kanka. Idan ka zana wannan a taswira a matsayin da'ira mai faɗi wadda take tsukewa yayin da bayani ke ƙaruwa, take kuma buɗewa idan aka daina ganin abin, to ka ba mai tsaro aikin yi: zai tura 'yan leƙen asiri, zai yanke shawarar ko wannan ɗigon ya cancanci a karkatar da runduna dominsa.

Ka ƙara da jinkirin haske, domin kyauta ce da kimiyya ta ba masu tsara wasa. Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, yana ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 20 daga rana zuwa duniyarmu, da kimanin awa huɗu daga rana zuwa duniyar Neftun. Jirgin da ka hango a nisan minti goma na haske, idan yana gudun kilomita 30 a daƙiƙa, ya riga ya yi tafiyar kilomita 18,000 daga inda kake ganinsa. Idan bai kunna inji ba, kana iya lissafa inda yake, tunda hanyarsa a falaki sananniya ce. Idan kuwa ya karkata a cikin waɗannan mintuna, labarin karkatar bai iso gare ka ba tukuna. Abin da ke taswirarka tarihi ne, kuma gwargwadon nisa gwargwadon tsufansa.

Daga nan ne yaudara take samun gurbi, kuma ni a wurina ta fi ɓuya daɗin wasa nesa ba kusa ba. Jirgin yaƙi ba zai iya ɓacewa ba, amma zai iya rage ƙarfin injinsa ya bi hanyar jiragen dakon kaya ya yi kama da su. Ana iya sakin ƙaramin jirgin bogi mai fitar da zafi irin na babba. Sai dai ka sa wa bogin iyaka mai ma'ana: da zarar ya kunna inji, mai kallo da ya auna ƙarfin wutar da ke fita da kuma yadda saurinsa ke ƙaruwa zai iya ƙiyasta nauyinsa, asirinsa kuma ya tonu. Saboda haka bogi yana amfani ne muddin yana shawagi ba tare da tura kansa ba.

Game da ƙorafin masu gwada maka wasan, ka lura da yadda wasannin da suka daɗe suka magance shi. A StarCraft na 1998 ɓuya mai fuska biyu ce kamar taka, amma mayaƙin da ya ɓuya yana barin ɗan rawar hoto a allo wanda mai lura zai iya gani, kuma kowane ɓangare yana da hanyar samun na'urar ganowa. A EVE Online jirgin da ya ɓuya ba ya iya saita makami, kuma ɓuyarsa tana warwarewa idan ya matso kusa da wani abu da ƙasa da mita 2,000. Abin da suka haɗu a kai shi ne, wanda aka kai wa hari yana iya waiwayawa ya ga alamar da ya yi sakaci da ita. Ka tabbata wasanka yana ajiye irin wannan alamar, ko da ɗigo ne da ya bayyana zagaye ɗaya ya ɓace, kuma bayan an gama wasa ka ba shi damar sake kallon taswirar da duk abin da ya faru a bayyane.

Ɗan-Falaki ya rubuta:

Ina so in ƙara abu ɗaya da ba a taɓo ba, wato cewa sama ba fili ɗaya ba ne ta fuskar mai kallo. Dutsen da ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha ranar 15 ga Fabrairu, 2013 ya kai kusan mita 20, amma babu wanda ya hango shi kafin ya iso, saboda ya taho ne daga ɓangaren rana, inda na'urorin hangen nesa na ƙasa ba sa iya dubawa. Wannan ya ba ka abin da zai tsaya a matsayin duwatsu da dazuzzuka a taswirarka. Kowace tasha tana da makahon sashe ta wajen rana, kowace duniya da kowane wata suna tare abin da ke bayansu, kuma tunda duk suna juyawa, mafakar tana tafiya da lokaci. Ɗan wasan da ya iya karanta falaki zai jira zagayen da hanyarsa za ta faɗa cikin makahon sashen abokin gaba.

Faɗin saman ma abin lura ne, domin ya kai digiri murabba'i sama da 41,000, kuma na'urar da ke gani da nisa yawanci ƙaramin yanki take kallo a lokaci guda. Ka bar ɗan wasa ya zaɓa tsakanin sharar sama gaba ɗaya sama-sama da ƙura wa sashe ɗaya ido.

A ƙarshe ina roƙonka da ka ɗaure abokin gaban da kwamfuta ke sarrafawa da waɗannan dokoki daidai da mutum. Idan 'yan wasa suka lura cewa rundunarsa tana nufar jirgin da bai kamata ta san da shi ba, za su daina wahalar da kansu da ɓuya, duk aikin da ka yi kuma ya tashi a banza.

Maitaswira ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yanke shawarar ɗaukar asusun zafi na Malam Gamzaki in haɗa shi da matakan sani na Malama Zara, ta yadda binciken fasaha zai riƙa ƙara girman ma'ajiyar zafi ko saurin tsukewar da'ira, maimakon ya buɗe ko ya rufe ido gaba ɗaya. Makahon sashen rana kuwa zan gwada shi a wannan makon, tunda wasan yana lissafa wuraren duniyoyi a kowane zagaye.

Saura tambaya ɗaya da ta taso mini ina karanta bayaninku. Idan dole ne jirgi ya fitar da zafi, me zai hana ya juya farantansa ya zubar da shi ta bayansa, can inda babu mai kallo, ya bar fuskar da ke duban abokin gaba da sanyi? Idan hakan mai yiwuwa ne, ina tsoron kada ya rushe asusun zafin baki ɗaya, kowa ya riƙa lafawa har abada ba tare da ma'ajiyarsa ta cika ba.

Gamzaki ya rubuta:

Mai yiwuwa ne, Malam, kuma akwai abin da ya yi kama da shi a zahiri. Na'urar hangen nesa ta James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021 tana da laima mai hawa biyar, wadda fuskarta ta wajen rana take da zafi, ɗaya fuskar kuma take ƙasa da digiri 220 ƙasa da sifili. An yi hakan ne domin kada zafin rana ya makantar da idon na'urar, amma ƙa'idar ɗaya ce, wato ana iya sa gefe ɗaya ya yi sanyi matuƙar ɗaya gefen zai ɗauki nauyin.

Hakan ba zai rushe maka tsari ba, domin zafin bai ragu ba, matse shi kawai aka yi. Jirgin da ya tattara duk zafinsa ya tura shi cikin kashi ɗaya bisa goma na sama zai fi haske sau goma ga duk wanda ke cikin wannan yankin, kuma bisa lissafin da na kawo a baya, za a hango shi daga nisan da ya ninka na da fiye da sau uku. Dabarar tana aiki ne kawai idan mai ɓuya ya san inda idanun abokin gaba suke. Wannan ya mayar da maganar kan abin da Malama Zara ta faɗa, tunda maganin mai tsaro shi ne ya warwatsa ƙananan na'urori masu saurare, marasa mutane kuma masu sanyi, a wuraren da ba a zata ba, mai kai hari kuma sai ya fara farautarsu ko ya yi kasadar cewa bayansa babu kowa. Laimar kanta nauyi ce, tana kuma hana jirgi juyawa yadda ya ga dama, wutar inji kuwa babu laimar da za ta rufe ta.

Tarihin jiragen sama ma ya nuna cewa ƙirar ɓuya ba ta wadatarwa idan abokin gaba ya karanci ɗabi'arka. Jirgin F-117 na Amurka, wanda aka ƙera musamman domin kauce wa rada, an harbo shi a Sabiya ranar 27 ga Maris, 1999 da makami mai linzami samfurin S-125, ƙirar Tarayyar Sobiyet ta shekarun 1960, kuma masu harbin sun riƙa kunna radarsu na ɗan taƙaitaccen lokaci ne suna sauya wuri domin kada a gano su.

Ta fuskar aiwatarwa, kada ka lissafa kusurwa daidai da daidai ga kowane jirgi da kowace tasha, domin lissafin zai yi wa kwamfuta yawa idan jirage suka kai ɗaruruwa, ɗan wasa kuma ba zai iya riƙe shi a kansa ba. Tunda taswirarka shimfiɗaɗɗiya ce, ka raba kewayen jirgi sashe shida, ka bar ɗan wasa ya zaɓi sassan da zai zubar da zafi ta cikinsu. Idan ya zaɓi uku, haskensa a kowanne ya ninka biyu, idan ya zaɓi ɗaya ya ninka shida. Ka nuna masa sassan da launi a kan taswira tare da tashoshin abokin gaba da ya riga ya sani, waɗanda bai sani ba kuwa ka bar gurbinsu babu komai.